Taƙi Huɗu da Yatsu Biyu

Gaya, 14 ga Yuni 1999

Zuwa ga ƙanena Zakariya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Bibata da 'yar jaririyar da har yau ba mu gani ba sai a hoto. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta sauka da ƙarfinta, ruwan gulbi ya yi ja, sauro kuwa sun dawo da iyalansu gaba ɗaya. Siddo direban kaminyo, babbar motar kaya, shi ne zai miƙa maka wannan takarda, ka ba shi amsa kafin ya gama lodi a tashar jirgin ruwa.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, maganar Baba ce. Ka san fukar nan tasa. Bana ta haɗu da wani nauyi a ƙirji, har lokotoro, likitan nan Gaya, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya tura mu babban asibitin Doso. Can aka yi masa hoton ƙirji, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce duk wata sai ya koma a duba shi a gyara masa magani. Lokotoron ya ja ni gefe ya ce in muka yi wasa da komawar nan, kada mu zargi kowa.

Abin hawa ba shi ne damuwar ba. Tun da sojoji suka sake karɓar mulki a watan Afirilu, Turawan projen shinkafa suka tattara nasu ya nasu, aka yi gwanjon motocinsu, maigidana Baban Kadi ya samu wata tsohuwar kat-kat fara. Tun daga ranar kullum yana ƙarƙashinta da tsumma. In na ce masa tuwo ya huce, sai ya ce in yi shiru in saurari ƙarar inji.

A dawowarmu daga Doso ne abin ya faru. Mun yi rabin hanya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, muka ɗaga gilasai. Kilim ɗin motar, abin da ke sanyaya cikinta, ya mutu tun Turawan suna nan. Ba a yi minti biyar ba Baba ya fara neman numfashi, yana dukan ƙofa, idanunsa sun firfito. Wallahi Zakari na ɗauka a hannuna zai cika. Muka sauke gilashi, numfashi ya dawo, ruwa kuma ya yi ta zuba masa a kafaɗa har muka shigo Gaya. Kwana biyar ya yi kwance da zazzaɓi. Da ya tashi sai ya ce, “Ni Hama, shekara sittin bisa gulbi ruwa bai kashe ni ba, ba ku kashe ni cikin gwangwani. Doso ta gan ni ganin ƙarshe.” Ka san shi, in ya kira sunan kansa magana ta ƙare.

To, makanikin da ke duba motar ya ce akwai wata roba da ake kafawa a saman taga kamar 'yar rumfa. Ka sauke gilashi yatsu biyu ko uku, iska ta shigo, ruwa ya zame ta waje. Ya ce sunanta defilektar. Ni dai rumfa nake ce mata, harshena ba zai karye a banza ba. An duba Gaya babu, an tsallaka gada an duba Malanbil babu, an aika Kamba ma babu. Kai ne ke zaune tsakiyar kayan mota a Kotonu, don haka nemo mana. Randebunsa na komawa asibiti ranar Alhamis ne, sha biyar ga Yuli.

Ban gaya masa na rubuto maka ba. Na san shekara tara ke nan ba ku haɗa magana ta kirki ba, kuma ba sulhu na zo yi ba, na gaji da wannan tuntuni. Roba nake nema.

Ka gaishe da Bibata, ka ce mata ta daina sa wa yarinyar nan hula mai kunnuwa. Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Zuwera


Kotonu, 22 ga Yuni 1999

Zuwa ga Yaya Zuwera,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso hannuna, na karanta ta sau uku. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi, wadda rabinta tawa ce. Bibata na gaishe ki, ta ce hular nan ke kika aiko da ita.

Defilektar akwai shi a nan, amma Yaya, “fara” ba sunan mota ba ne. Da a ce wata ta zo shagonki ta ce ki ɗinka wa ƙanwarta riga, kika tambayi awo ta ce miki ai doguwa ce mai fara'a, da tsintsiya za ki kore ta. Na tambayi Siddo, ya ce irin ta Japan ce wadda jandarmomi ke hawa. Wannan ta taimaka, sai dai irin nan jiki uku gare ta, akwai gajera, akwai matsakaiciya, akwai doguwa, kuma kowace da tsawon tagarta. Ki ce wa maigidanki Seyni ya fito daga ƙarƙashin amaryar tasa ya duba kart giriz, takardar shaidar motar, ya kwafo mini shekara da lambar da ke layi na uku. In karatun ya gagare shi, Kadi ta taimaka masa.

Sannan akwai zaɓi biyu da ku za ku yi. Na farko, akwai na mannawa da gam, akwai mai ƙugiyoyin ƙarfe da ke shiga cikin ramin da gilashi ke hawa. Na gam ya fi sauƙin sawa kuma ya fi kyan gani, amma ban yarda da shi a zafin ranar Gaya ba. Na taɓa ganin wanda ya tashi sama a hanyar Paraku ya bar mai motar da buɗe baki. Na biyu, akwai baƙi wuluk, akwai mai haske kamar ruwan shayi. Samari baƙin suke so.

In kart giriz ba ta samu ba, abin mai sauƙi ne. Ke tela ce, metir na rataye a wuyanki tun safe har yamma. Ki auna saman tagar gaba daga wajen madubi zuwa ƙarshen ƙofa, ki bi lanƙwasar, ki auna ta baya ma, ki rubuto mini santimetir. Ranar da amsarki ta zo, ranar zan saya.

Kin ce ba ki gaya masa ba. Hakan ya fi, don in ya ji daga wurina abin ya fito yana iya cewa a jefa a gulbi. Ki ce Seyni ne ya samo.

Yana cin abinci kuwa? Har yanzu yana saukowa bakin gulbi da safe? Ba sai kin amsa ba in takarda ta cika.

Ki gaishe da kowa da kowa. Na gode.

Ƙanenki,
Zakariya'u


Gaya, 30 ga Yuni 1999

Zakari,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, Baba da sauƙi, yana shan kunu da safe, da rana ya taɓa kifi in an cire masa ƙaya. Baban Kadi ya ce in gaya maka ranar da ka zo zai nuna maka wanda karatu ya gagara.

Kart giriz tana Doso tun watan jiya. An canja manyan ofishin bayan juyin mulki, sabon bai fara sa hannu ba, tsohon kuma an hana shi. Da wata 'yar takardar wucin gadi muke yawo, babu abin da ke jikinta sai hatimi uku. Rubutun bayan motar ma ya ɓalle tuntuni, sai ramukan ƙusa.

Yanzu ka gyara zama. Asirinmu ya tonu, kuma bakina ne ya tona shi. Ina karanta wa Baban Kadi takardarka a tsakar gida, Baba na kwance kan tabarma gindin dogon yaro, ya rufe fuska da rawani. Na rantse har minshari na ji. Na zo daidai inda ka ce in ɗauki metir, sai na ji murya daga ƙarƙashin rawani: “Wa ka auna abu da igiyar tela?”

Na ce, “Baba, ai robar taga ce kawai.” Ya ce, “Na ji. Kunnena ba shi ciwo. Tashe ni.” Muka kama shi ya miƙe, ya taka har gaban motar da ya rantse ba zai ƙara kallo ba. Na miƙa masa metir, ya dube shi kamar na miƙa masa mataccen ɓera, ya ce in mayar wuyana in je in auna ƙugun matan gari. Ya ce jirgi arba'in da bakwai ya sassaƙa a garin nan, babu wanda ya san santimetir a cikinsu, kuma babu wanda ya nutse.

Sai ya ware yatsu ya ɗora a saman tagar, yana tafiya da hannun a hankali yana ƙirgawa da Dandanci, yadda yake yi wa katako. Ya yi sau biyu. Ya koma ta baya ya yi sau biyu. Ga abin da ya ce in rubuta, kuma haka na rubuta:

Tagar gaba, taƙi huɗu da yatsu biyu.
Tagar baya, taƙi uku da yatsa ɗaya.

Zaɓin ma shi ya yi. Da na ce akwai na gam, ya ce shi bai taɓa tare ruwa da gam ba, a kawo mai ƙarfe. Da na ce akwai baƙi, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai ɓuya, yana son ganin gonakin mutane. Baban Kadi ma ya goyi bayansa, ya ce shingayen jandarmomi sun kai bakwai yanzu tsakaninmu da Doso, duk abin da ya yi duhu a jikin gilashi sai sun sauke ka sun yi ta tambaya.

Bai ambaci sunanka ba, kada ka sa rai. Amma da zai koma tabarma ya ce, “Ki faɗa wa mai sayen, awon Hama ne.” Na ce to.

Saura kwana goma sha biyar, ka hanzarta. A gaida Bibata da jaririya takwarar Inna.

Yayarka,
Zuwera


Kotonu, 8 ga Yuli 1999

Yaya Zuwera,

Bayan gaisuwa, ga kaya nan wurin Siddo, guda huɗu, masu haske, masu ƙugiya, na naɗe su cikin kwali da tsohon bargo. Kada a ɗora musu komai. Makaniki ya fara sa ƙarshen gaba, sannan ya bi da sauran a hankali, kada ya danna da ƙarfi.

Amma Yaya, kin ba ni aiki. Me ya hana ki bi bayansa da metir bayan ya koma tabarma? Na shiga shagon wani Bayarabe da nake sayen kaya wurinsa, ya zube mini kala ukun a kan tebur, ya ce nawa ne awon. Na ce taƙi huɗu da yatsu biyu. Ya dube ni ya ce ko akuya na zo saye.

Na ware hannuna na auna. Gajeren ko kallonsa ban yi ba. Matsakaicin ya zo daidai da hannuna cif, huɗu da yatsu biyu, har mai shagon ya fara naɗewa. Na ce ya dakata, ai ba hannuna aka auna da shi ba.

Ke ba ki sani ba, don ba a kiran mata wurin. Duk ranar da za a tura sabon jirgi cikin ruwa, kafin a yanka zakara, Baba yakan buɗe tafinsa in ɗora nawa a kai, a gaban masu taya shi aiki. Haka kakanmu ya yi masa. Ranar da hannun ɗa ya rufe na uba, ranar ake miƙa masa gizago ya fara sassaƙa da kansa. Tun ina shekara goma ake wannan awon. Na ƙarshe ina da sha bakwai, kuma a makon na ɓata masa wani katakon maɗaci da na ɗauka ba da izini ba. Na ɗora hannuna, ya ɓace cikin nasa kamar an sa ƙwai a akushi. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce, “Hannun ga bai isa komi ba.” Aka yi dariya. Bayan kwana uku na hau kaminyon albasa, sauran kin sani.

Ko da na zo rasuwar Inna ban ga hannun ba. Na durƙusa daga nesa na yi gaisuwa, ya amsa da kalma biyu, hannuwansa na cikin riga. Amma ba sai na gani ba, na san shi. Hannun da ke riƙe katako da ɗaya yana sara da ɗaya. Hannun da ya taɓa ɗaga ni da wuyan riga daga cikin ruwa. Sai na ƙara yatsa biyu a kan kowane taƙi nawa, na sake aunawa, ya faɗa kan dogon daidai. Shi na saya, kuma ban yi kokwanto ba.

Ban san abin da ya sa na rubuta miki duk wannan ba. Ki karanta ki yaga. Allah ya kai ku Doso lafiya ya dawo da ku lafiya, ki rubuto mini abin da lokotoro ya ce.

Ƙanenki,
Zakariya'u


Gaya, 21 ga Yuli 1999

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ba mu je Doso ba.

Kayan sun iso ranar Talata, babu abin da ya fashe. Makaniki ya ɗora na gaba, ya wuce ƙofar da fiye da taƙi guda, yana leƙen ta baya. Ƙugiyoyin ba su faɗa inda ya kamata ba, lanƙwasar ma ta sauka wani wuri daban. Ya ce a yanke da zarto, Baban Kadi ya yarda, aka gwada da guda ɗaya, ta tsage tun daga kai har gindi. Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa. Baba ya yi wanka ya sa babbar riga, ya shiga motar da ƙafarsa ya zauna, abin da ban zata ba. Ya dubi sama, ya dubi tagar, ya ɗaga gilashin da kansa ya gwada. Ban ƙirga ashirin ba ya buɗe ƙofa ya fito.

Na buga waya asibitin daga gidan waya, sun mayar da mu sha biyu ga Agusta. Ƙafafunsa sun fara kumbura, Zakari. Lokotoron nan ya ce maganin ne ke son gyara, kuma shi ba zai taɓa abin da Doso ta rubuta ba.

Ka tambaye ni me ya hana ni bin bayansa da metir. Na bi. A ranar na auna, yana sallar la'asar. Gaba santimetir saba'in da huɗu, baya hamsin da biyar. Takardar na cikin aljihun keken ɗinkina tun ranar, ni ce na ƙi aiko maka. Na ga shekara tara mutumin nan bai aika maka ko da gaisuwa ba, yau ga shi ya tashi da ciwo ya auna abu da hannunsa ya ce a kai maka. Sai na ji ba zan iya ɗora lambobina a kai ba, kamar in ce maka kada ka yarda da shi. Na ce ba sulhu na zo yi ba, ashe ƙarya nake yi har wa kaina. Wayona ya ci wa Baba wata guda, kuma in wani abu ya same shi ban san inda zan sa kaina ba. Na yi kuka har Kadi ta tsorata.

Amma kai ma ba ka tsira ba. Wane hannu ka ƙara wa yatsa biyu? Hannun da kake faɗa ya tafi tuntuni. Sanyin ruwa ya shiga gaɓoɓinsa, yatsun sun ƙandare, ba sa buɗewa ko rabin yadda ka sani. Ni nake ɓalle masa maɓallin riga. Jirgi na arba'in da takwas yana nan bayan gida shekara biyu ke nan, an yi ƙasa an yi gefe ɗaya, kaji na ƙwai a ciki. Ya hana a faɗa maka, ni kuma na biye masa, ka ga laifina biyu ke nan.

Ga na uku. Takardar da ka ce in yaga, ban yaga ba. Da aka sauke robar, Baba ya ce a miƙo masa. Ya ɗora ta a cinya ya auna da hannunsa, ya samu biyar da rabi. Ya ce, “Da hannun wa ya auna wanga?” Sai na ɗauko takardarka na karanta masa duka, tun daga shagon Bayarabe har ƙwai a akushi. Da na zo inda ka ƙara yatsa biyu ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi muka kawo ruwa. Ya tashi ya zagaya bayan gida, ya zauna a bakin jirgin nan har aka kira magariba, ya hana kowa zuwa.

Yau da safe ya ce in kawo biro da takarda biyu. Ga su nan a cikin ambulan ɗin. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, na cancanta, amma ka sayi gajeren tukuna.

Yayarka mai laifi uku,
Zuwera


Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga Zakariya'u ɗan Hama,

Ni Hama masassaƙi ke magana, Zuwera ke rubutu. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara mini baki.

Sallama. Ina gaishe ka, ina gaida matarka, ina gaida ɗiyar da ka sa wa sunan uwarka. An faɗa mini tun ranar suna. Na ji, ban ce komi ba, amma na ji.

Robarka ta zo. Roba ce mai kyau, ƙarfen ma mai kyau ne, ka iya zaɓe. Awon ne ka ɓata. An ba ka huɗu da biyu, ka sayo biyar da rabi. Wanda an ba shi awo ba ya ƙara son ransa a kai. Da jirgi ne, da ka lalata katako huɗu.

(Ya ce in rubuta cewa nan ya yi dariya. Na rubuta.)

Maganar da na yi bakin gulbi, na yi ta. Ba ni cewa ban yi ba. Raina ya ɓaci kan maɗacin nan, wata uku na jira shi daga Kamba. Ubana ya faɗa mini wadda ta fi ta zafi gaban mutanen da sunka fi waɗannan yawa, na haɗiye, shekara ta kewayo na sake ɗora hannu, har ranar da ya rufe. Na ɗauka kai ma haka za ka yi. Da rani ya kewayo munka tura jirgin wani Alhaji na garin Bana, na buɗe tafina bakin ruwa don na saba, babu wanda ya ɗora. Mutane sunka kau da kai. Jirgi tara na tura bayan tafiyarka, kowane sai da na buɗe shi cikin aljihu.

Na yi kuskure da na ɗaga hannunka sama. Awo tsakanin uba da ɗa ne, dariyar ba ta cikin al'ada, ni na ƙara ta. Ka ga ni ma an ba ni awo na ƙara son raina.

Zuwera ta ba ka lambobinta, ka sayi roba da su, ban hana ba. Ni ga nawa a ɗaya takardar. Na ɗora hannu ta zagaye shi da biro. Iyakar buɗewarsa ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba. An fasa awo tara, wanga shi ne na goma. Ɗora naka a kai. In ya rufe, ka san abin da ake yi gidanmu.

Doso kuma zan je, in rumfar ta zauna daidai. Amma ban yarda makanikin ga ya sake taɓa ta ba, hannunsa na da gaggawa. A wurinmu wanda ya zaɓo katako shi ka kafa shi.

Allah shi yi maka albarka. Ta rubuta wannan da kyau, ta sake bin sa da biro.

Ubanka,
Hama


Kotonu, 1 ga Agusta 1999

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ka, Bibata na gaishe ka, takwarar Inna ma da bakin da ba ta da shi tukuna. Amin, amin, na gode da albarka.

Na ɗora. Ya rufe, Baba, har da saura. Shekara tara ina jiran wannan rana, na ɗauka daɗi zan ji. Kuka na yi a cikin shago, gaban masu sayen kaya.

Na sayi gajeren, saba'in da huɗu da hamsin da biyar. Na sake aunawa da takardarka, huɗu da yatsu biyu ne cif, awonka bai yi kuskure ba. Ban ba Siddo ba, wannan takardar kawai zai riga ni da ita. Za mu hau jirgin ƙasa zuwa Paraku ranar Asabar mu uku, in Allah ya yarda Litinin muna Gaya. Ni zan kafa, kana zaune kana duba ni. Ranar Alhamis kuma Seyni ya yi haƙuri da amaryarsa, ni zan tuƙa ka Doso, kana gaba, gilashi a sauke yatsu uku.

Gizago ban san ko zan iya ba, hannun ya girma ne a kan sufana. A kori kajin dai daga cikin jirgin, in mun dawo ka nuna mini inda ka tsaya.

Ga takardarka na mayar. Na zana nawa a bayanta, daidai kan naka. Ka fita tsakar gida ka ɗaga ta a rana.

Ɗanka,
Zakariya'u